Ƙarfen sifirin: wuta ce ke gyara shi, wuta ce ke ɓata shi

Ƴan'uwa manoma, damina ta kusa. Daga Magariya zuwa Bande, daga Waca zuwa Dungas, maƙera sun cika da masu neman hauya, da gatari, da bakin garmar shanu. Kowa kuma maganarsa guda: "A yi mini da ƙarfen sifirin na mota." To, me ya sa wata hauyar sifirin take shekaru, wata kuwa ta tsage tun noman fari?

Sifirin ba baƙin ƙarfe ba ne zalla. Tun a masana'anta an gauraya shi da sinadarin gawayi, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, da wasu ma'adinai kamar manganis da silikon ko kuram. Su ke ba shi ƙwari. Su ne kuma ke sa shi gardama a kan uwar maƙera.

Lokacin dukansa shi ne sa'ad da ya yi ja mai haske zuwa ruwan lemo, wajen digiri 900 zuwa 1.100. A nan yake bin masaba. In jan ya dushe, sai a maida shi wuta. Maƙerin da ya ci gaba da duka don tsimin gawayi yana sa masa ƙananan tsagu da ido ba ya gani. A jigawa mai rairayi hauyar tana iya daɗewa. Ranar da ta shiga fadamar Korama sai ta rabe biyu. In kuma yaron zuga-zugi ya matsa har ƙarfen ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan. Wurin ba ya gyaruwa, sai a yanke shi.

Abin da ya fi ɓarna, a ganina, shi ne ruwan sanyi. Sifirin ba ya son sa. In an tsoma shi da zafinsa, yakan yi tauri kamar kwalba, ya karye kamar kwalba. Mai ya fi, don yana huce shi sannu. Bayan haka a goge bakin, a ɗumama shi kaɗan kaɗan ana kallon launi: ruwan busasshiyar ciyawa don wuƙa, shuɗi don gatari da hauya, wajen digiri 300. Wannan aiki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa ranar kasuwa, in mutane sun yi layi.

Laifin ba na maƙeri ba ne shi kaɗai. Gawayin ƙirya, wanda ya fi riƙe wuta, ya yi wuya yanzu. Mu kuma sai an yi ruwan shuka muke rugawa muna cewa a gama mana yau.

Ku kai aikinku tun da rani. In za ku sayi hauya a kasuwa, ku rataye ta, ku ƙwanƙwasa da ƙusa. Mai lafiya tana ƙara mai tsawo. Mai tsaga muryarta a dushe take. Ku aje ta, ku ɗauki wata.