Waya Biyu, Ma'ajiya Ɗaya: Abin Da SIWES Ya Koya Min

Lokacin da nake SIWES a wata cibiyar kwamfuta a Kusada, ma'ajiyarmu ta NAS ƙirar Synology kan yi jan ƙafa da zarar ɗalibai sun cika ɗaki. Oga ya hango ramukan waya biyu a bayanta, ya ce, “Haɗe su mana, gudun ya ninka.”

Haɗe layuka haka yana da ƙa'ida, LACP, wadda IEEE ta fitar a 2000 da lambar 802.3ad. Ni kuwa na yi gaggawa, na kunna ta a NAS kawai. Nan take ma'ajiyar ta ɓace daga netwok, ga takardun mutane a ciki! Ashe suwic ɗinmu ba ya karɓar saiti.

Don haka ku fara tabbatarwa suwic ya san LACP. Ku haɗa ramuka biyu a rukuni ɗaya a kansa, sannan ku shiga saitin netwok na NAS ku ƙirƙiri Bond, ku ba shi adireshin IP tsayayye. In suwic ɗin na gama-gari ne, ku zaɓi Adaptive Load Balancing, ba ruwansa da saitin suwic.

Amma fa kwamfuta ɗaya ba za ta wuce gigabit 1 ba. Kamar a faɗaɗa titin Kankia ne: motoci sun daina cunkushewa, amma gudun kowacce yana nan yadda yake. Riba ta biyu, ko waya ɗaya ta tsinke, aiki bai tsaya ba.