Lissafin da ke bayan na'urar motsa tsoka da lantarki

Masu hawa TikTok da Facebook sun saba ganin tallar wasu ƙananan na'urori da ake mannawa a jiki, suna sakin lantarki kaɗan-kaɗan har tsoka ta riƙa motsi da kanta. Wasu na saya don rage teɓa, wasu kuma don iyayensu da suka samu shanyewar ɓarin jiki. A Batsari da Safana, inda matsalar 'yan bindiga ta sa zirga-zirga zuwa asibitocin Katsina ke da wuya, irin wannan talla tana saurin shiga rai.

Fasahar dai gaskiya ce. Tun 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa yadda lantarki ke motsa ƙafar kwaɗo. A 1961 Liberson da abokan aikinsa suka haɗa na'urar da ke ɗaga tafin ƙafar mai shanyewar jiki yayin da yake tafiya.

Wahalar tana wajen awo. Duk bugun lantarki guda yana sa tsoka ta saki sinadarin kalsiyam, shi kuma ya kama wani furotin mai suna troponin, sai zaruruwan tsokar su ja juna. Idan bugun ya yi jinkiri, tsoka zabura kawai take yi. Idan ya kai 20 zuwa 50 a daƙiƙa, sai ta ɗaure ta yi ƙarfi, amma ta gaji da wuri, domin lantarki na tayar da zaruruwa iri ɗaya a lokaci guda, alhali ƙwaƙwalwa karɓa-karɓa take sa su yi.

A nan lissafi ke shigowa. A.V. Hill ya fitar da lissafin da ya danganta ƙarfin tsoka da saurinta a 1938. Wajen shekarar 2000, Ding da Wexler da Binder-Macleod na Jami'ar Delaware a Amurka suka gina wani lissafin da ake ba shi jerin bugu, ya hasko ƙarfin da za a samu da lokacin gajiya. Sai dai sai an fara gwada tsokar mutum kafin a cike alƙaluman, domin kowa da nasa.

Na'urar kasuwa ba ta yin wannan gwaji. Hukumar FDA ta Amurka ma ba ta amince ana rage ƙiba da irinta ba. Mai juna biyu da mai batirin zuciya su nisance ta, mai shanyewar jiki kuma ya fara ganin likitan fisiyo ya saita masa.