Haihuwar da Ta Rikita Rabon Gado

Duk wanda ya tashi a babban gida ya san irin wannan lamari. Maigida ya manyanta, 'ya'yansa mata sun girma sun yi aure, kowa a dangi ya riga ya gama lissafinsa a zuci game da gida da gona. Kwatsam sai amarya, wadda ta sha haihuwa 'ya'yan ba sa tsayawa, ta sauka lafiya da ɗa namiji. Ranar suna za a yi guɗa a ci tuwo, amma lissafi ya rushe. Ba mai iya tarar maigida gaba da gaba, don haka magana sai ta bi ta ƙofar baya: wa ya ga cikin nan da idonsa? Me ya hana a kira wance ranar naƙuda? Kafin a yi arba'in habaici ya shiga waƙar daka, yara sun ɗauka suna rerawa a dandali ba su san abin da suke faɗa ba.

Haka aka yi a Ingila a 1688, sai dai gidan fadar sarki ce, abin rabon kuma sarautar Ingila da Sikotlan da Ayalan. Sarki James na Biyu ɗan Katolika ne, mafi yawan talakawansa kuwa 'yan Furotesta. Tun da ya hau a 1685 suke haƙuri da shi, saboda ya haura hamsin, kuma 'ya'yansa biyu na auren fari, Mary da Anne, a Furotesta aka rene su. Mary ce magajiya, mijinta kuwa William ne na Holan. Matar sarki ta biyu, Mary ta Modena, shekara goma sha biyar ke nan da aure, duk abin da ta haifa ya koma. Ranar 10 ga Yuni ta haifi ɗa namiji a fadar St James da ke Landan. A dokar gadon sarauta namiji yana shiga gaban yayyensa mata, wannan kuma za a rene shi a addinin ubansa.

Nan take tsegumi ya tashi, wai ba a yi wani ciki ba, ko kuma ɗan ya zo babu rai, aka shigo da jaririn wasu a cikin kaskon ɗumama shimfiɗa. Kasko ne mai murfi da doguwar mariƙa, ana zuba masa garwashi a goga a zanen kwanciya lokacin sanyi. Ɗakin haihuwar cike yake da mutane, amma masu zargi suka ce duk 'yan Katolika ne ko masu cin abincin sarki. Anne tana garin Bath a ranar. Babban limamin Canterbury, wanda shaidarsa za ta gamsar da 'yan Furotesta, sarkin da kansa ya tsare shi a Hasumiyar Landan kwana biyu kafin haihuwar.

Waƙoƙin kwabo su suka fitar da maganar daga fada zuwa kasuwa. A takarda ɗaya ake buga su, fuska guda, da ɗan zane a sama da sunan karin da za a rera su da shi, galibi tsohon kari da kowa ya sani. Mai talla yana tsaye a bakin titi yana rerawa, ka ba da kwabo ka karɓa, a liƙa a bangon mashaya. Wanda bai iya karatu ba kunnensa ya ishe shi. Da farko waƙoƙin barka ne suka fito, domin sai da izinin hukuma ake bugu. Da ƙarfin sarki ya fara raguwa, sai na zambo suka mamaye gari. Samuel Pepys, babban jami'in sojan ruwa na lokacin, ya tara irin waɗannan takardu fiye da 1,800, suna nan ajiye a Cambridge.

Ƙasidu kuma aikinsu shi ne sanya wa tsegumin rigar hujja. Akwai wadda ta fito da taswirar fadar, tana nuna hanyar da wai aka bi da kaskon ɗaki bayan ɗaki. Zane-zanen da aka buga a Holan suna nuna jaririn riƙe da ɗan injin niƙa na wasa, habaicin cewa ubansa mai niƙan gari ne.

Sarki ya yi abin da maigida kan yi idan tura ta kai bango: ya tara shaidu. Ranar 22 ga Oktoba mutum fiye da arba'in, har da ungozoma, suka ba da shaida a gaban majalisarsa, aka buga bayanansu aka baza. Bai yi amfani ba. Wanda rabonsa ya ragu ba shaidar ungozoma yake nema ba, kuma doguwar takarda ba ta gudun waƙar da ake haddacewa a zama ɗaya. William ma ya sa shakkar haihuwar cikin sanarwar da ya raba don kare zuwan da zai yi Ingila da yaƙi. Ya sauka da sojojinsa ranar 5 ga Nuwamba. A Disamba uwar ta tsere Faransa da jaririnta mai wata shida, sarki ya bi bayansu.

Masana tarihi a yau sun yarda cewa yaron ɗan uwarsa ne da ubansa. Abin da ke damuna shi ne mutanen Ingila suna da koke na gaskiya. Sarki ya dakatar da dokoki ba da yardar majalisar dokoki ba, ya riƙe sojoji a lokacin zaman lafiya, ya gurfanar da manyan limamai bakwai a kotu don sun kai masa koke. Waɗannan na cikin abubuwan da majalisa ta lissafa a dokar haƙƙoƙi ta 1689, babu kasko a ciki. Amma a bakin titi kaskon ne ya yi kasuwa, domin sheganta jariri ya fi sauƙi a kan cewa an ƙi halattaccen magaji saboda addininsa.

Yaron ya girma a gudun hijira, ya yi yunƙurin karɓar gadonsa a 1715 bai samu ba, ya rasu a Roma a 1766, a Ingila ana kiransa mai da'awar ƙarya. Ana iya cewa ƙasar ta yi daidai da ta taka wa James birki. Wannan ba ya wanke ƙazafin da aka yi wa mace a kan naƙudarta. Mai rigima da maigida ya faɗi rigimarsa da sunanta, ya bar uwa da ɗanta.