Ƙashi Rumbun Jiki Ne

Akwai wani irin gishiri cikin jini, likitoci suna kiransa kalsiyam. Da shi zuciya ke bugawa, da shi ƙashi ke ƙarfi. A wuyan mutum, bayan inda maƙoƙo kan fito, akwai 'yan ƙwayoyin nama guda 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Su ne masu gadinsa. In ya ragu cikin jini, sai su saki wani ruwa, a ɗebo daga ƙashi, kamar yadda maigida kan buɗe rumbu da bazara.

To, yaron da ba ya samun kome sai tuwon masara ko na dawa, kullum ɗiba ake yi, ba zubi. Ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su gwame ko su yi baka. Wannan ba maita ba ce. A 1999 likitoci a Jos sun nuna irin yaran nan suna warkewa in an ba su kalsiyam.

Mutanen Funtua da Malumfashi, ku ba 'ya'yanku nono, da miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifi duk da ƙayarsu. Ku bar su su sha hantsi. In ƙafa ta soma lanƙwashewa, a kai yaro asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.