Filastar Nikotin: Yadda Na Rabu da Sigari Bayan Shekara 14

Wata ranar Talata na kama wani ɗalibina ɗan aji shida da karan sigari a aljihu, a makarantar da nake koyarwa a zangonmu na Kumasi. Ina cikin yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kai ma kana warinta." Wallahi ban ƙara cewa uffan ba. Shekara 14 ke nan ina shan taba, tun ina kwalejin horon malamai, kwali guda kullum. Nakan laɓe in sha, in tauna kanumfari, ina zaton ba wanda ya sani.

Na sha gwada bari. Duk Ramadan nakan yini ba taba, amma ana shan ruwa, ko dabino bai gama sauka ba na kunna. Idan na yi kwana biyu ban sha ba, sai ciwon kai da saurin fushi, har maiɗakina ta ce gara in koma.

Wata ma'aikaciyar kantin magani ce ta nuna mini filastar nikotin. Ta ce nikotin shi ke sa jaraba, amma babbar ɓarnar daga hayaƙin take, wato kwalta da sauran gubar da ke lalata huhu da zuciya. Filastar tana sakar wa jiki nikotin kaɗan-kaɗan ta fata, ba hayaƙi. Wanda ke shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da mai miligiram 21 na mako 6, ya sauko zuwa 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2. Ana manna sabuwa kowace safiya a busasshiyar fata marar gashi, kamar damtse ko ƙirji, ana sauya wuri kullum. Da azumi ya zo na tambayi limaminmu, ya ce malamai da dama suna ganin abin da ya shiga ta fata ba ya karya azumi.

Ban ce babu wahala ba. Wurin ya yi mini ƙaiƙayi, ga mafarkai barkatai, sai da na koma cire ta kafin in kwanta. Kuma ba a kowane kanti ake samunta ba, tana da ɗan tsada, ko da yake da na lissafa abin da sigari ke cinye mini a wata sai na yi shiru.

Abin da na gane shi ne filastar jiki kawai take lallashi, ba ta taɓa sabo. Hannuna ya saba da kara, bakina ya saba da zuƙa bayan shayi. Dole na daina zaman teburin mai shayi bayan isha'i, na koma yawo da asuwaki a aljihu. A mako na uku na zame, na sha kara ɗaya a wajen ɗaurin aure. Na koma wurin matar nan cike da kunya, ta ce, "Malam, kar ka cire filastar, ci gaba daga inda ka tsaya."

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Ɗan'uwa, idan za ka gwada, sa wa kanka rana, ka gaya wa iyalinka. Mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu su fara ganin likita. A ninke tsohuwar filasta a jefar inda yara ba za su kai ba.

Yau wata takwas rabona da sigari, alhamdu lillahi. Ina hawa benen makaranta ba haki. Yaron nan kuwa na kira shi na gaya masa na bari, na ce saura shi.