Sabon Rai Ga Tsohon Keken Doguwar Tafiya

A watan Janairun 1963 wata 'yar ƙasar Ailan mai suna Dervla Murphy ta hau keke ta nufi Indiya. Ta ratsa Turai cikin tsananin sanyi, ta bi ta Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan, ba ta tsaya ba sai Delhi. Kafin ta tashi ta sa aka cire wa keken na'urar sauya giya ɗungurungum, domin tana ganin hanyoyin da za ta bi za su lalata ta, kuma ba lalle ta samu mai gyara ba. Ta gwammace ta sha wuyar hawan duwatsu da giya ɗaya da ta tsaya a daji da kayan da ba su gyaruwa.

Wannan lissafi nata shi ne har yau ke gaban duk wanda ya samu tsohon keken doguwar tafiya yana son farfaɗo da shi. Kowane noti da zai ɗaura, sai ya tambayi kansa ko zai shiga daidai, kuma idan ya lalace nesa da gida ko za a samu madadinsa.

Keken doguwar tafiya daban yake da na tsere. An ƙera shi ne don ya ɗauki mutum da guzurinsa da shimfiɗarsa, ya wuni yana tafiya, gobe ma haka. Shi ya sa ƙafafunsa na baya suka fi tsawo, wajen santimita 45, don kada diddigen mahayi ya riƙa dukan jakunkunan da aka rataya. Yana da 'yan kunnuwa na ɗaura kariya gaba da baya, da sararin saka taya mai kauri har da madigadi. Faransawa ne suka fara ƙawata wannan sana'a. A Levallois-Perret da ke gefen Faris, maƙera irin su René Herse da Alex Singer sun riƙa ƙera keke ɗai-ɗai da hannu, kowanne bisa tsayin mai shi. A Ingila kamfanin Dawes na Birmingham ya fito da Galaxy a 1971, ya zama keken da matafiyan ƙasar suka fi sani na kusan shekara hamsin. Amurka ta zo da Trek 520 a 1983, Japan kuma da Miyata 1000, wanda masu sha'awa ke nema ido rufe har yanzu. Jefi-jefi irin waɗannan kan faɗo cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, a sayar da su kamar kowane keke, don ba kowa ya san darajarsu ba.

Darajar tana cikin firam. Da yawa daga na Ingila an yi su ne da bututun ƙarfe na Reynolds 531, wanda aka fara ƙerawa a Birmingham a 1935. Mafi kyawunsa yana da kauri a bakuna biyu inda ake haɗi, a tsakiya kuwa bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Wannan ne ke sa keken ya yi rashin nauyi, ya kuma riƙa shanye gargada a maimakon ya miƙa ta ga ƙashin bayan mahayi. Sauran kaya duk ana iya sauyawa. Idan firam ya mutu, babu abin da za a farfaɗo.

Saboda haka gwanin gyara ba ya fara da fenti. Da farko yakan kwance notin sandar sirdi da na wuyan kan keke ya ga ko za su motsa. Sandar alminiyom da ta shekara talatin cikin bututun ƙarfe ba giris takan manne kamar an yi mata walda, kuma fitar da ita na iya cin makonni ana ɗiga mai ana jira. Daga nan sai ya kai yatsa ƙarƙashin manyan bututu biyu, dab da wuyan keken, ya shafa a hankali. Idan ya ji ɗan tudu, ko ya ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo ta gaba, ƙarfen ya lanƙwashe. Sai ya koma gefe ya dubi fok, ko ya ja baya daga layin wuya. Akwai kuma gwajin zare, wanda ba ya cin ko kwabo: a ɗaura zare a bakin ƙafar baya ta dama, a zagayo da shi ta wuyan keke, a ɗaure a ta hagu, sannan a auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In tazarar ta bambanta, firam ya karkace.

Tsatsar waje sau da yawa barazana ce kawai, ana goge ta. Ta ciki ce abin tsoro, musamman a gindin firam inda ruwa ke kwanciya. A cire kayan wurin, a haska tocila ciki, a girgiza firam a saurara ko ɓarɓashi na kwaranya. Idan an ga tsaga, kada a kai wa mai waldar lantarki na bakin titi, domin bututun ya yi sirantar da wutarsa za ta huda shi nan take. Asali da tagulla aka narka aka haɗa gaɓoɓin, kuma da waldar gas da tagulla ake gyara su, a hannun wanda ya saba.

Idan firam ya tsallake, sai mai shi ya yanke shawara ɗaya kafin ya kashe kuɗi: keken kallo yake so ko na hawa? Akwai masu son komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har tambarin jiki. A Italiya, a garin Gaiole na yankin Chianti, tun 1997 ake wani gangami mai suna L'Eroica inda ake hawan kekuna irin na kafin 1987 a kan hanyoyin tsakuwa. Wannan sha'awa ce mai kyau, amma wanda zai ɗora kaya ya yi tafiyar kwanaki bai kamata ya ɗaure kansa da ita ba. Tsohon abin da ke aiki a bar shi, wanda ke iya jefa rai cikin haɗari a sauya ba tare da jin kunya ba.

A nan ne ake shan wuya, domin ƙasashen da suka ƙera waɗannan kekuna ba su taɓa haɗuwa a kan ma'auni ɗaya ba. Dubi gindin firam, inda sandar feda ke juyawa a kan boris. Na Ingila yana da tiredi 24 a kowane inci, kuma murfin gefen sarƙa ta hagu ake ɗaure shi. Na Faransa faɗinsa milimita 35, dukkan murafan ta dama suke ɗauruwa, shi ya sa na gefen sarƙa kan kwance kansa a hanya in ba a matse shi sosai ba. Na Italiya milimita 36 ne. Raleigh kuwa, wanda kakanni a ƙasar Hausa suka san ƙarkonsa, yawancin kekunan da ya ƙera a Nottingham tiredinsu 26 ne, nasa na kansa. A ido duk kamarsu ɗaya. Mutum zai ɗora murfin Ingila a firam ɗin Faransa, ya ji ya shiga zagaye ɗaya ko biyu, ya ɗauko sifana ya tilasta, shi ke nan ya cinye tiredin da ya shekara arba'in lafiya lau. Ƙa'idar masu aikin ita ce duk abin da bai shiga da yatsu ba a zagayen farko, a fitar da shi a sake aunawa.

Kekunan Faransa sun fi yawan irin wannan tarko. Wuyan kansu milimita 22.0 ne, na sauran duniya 22.2, kuma wannan 'yar tazara ta isa ta hana sabo shiga. Tiredin fedarsu ma daban ne. Hannuwan feda na kamfanin TA da tsofaffin na kamfanin Stronglight kowanne da irin abin cire shi, ba ya karɓar wanda ke akwatin kowane makanike. Don haka kayan aiki mafi amfani a wannan harka shi ne ma'aunin nan mai baki biyu da ke karanta kaurin ƙarfe, kuma kada a jefar da tsohon abu sai an ɗaura sabo an ga ya zauna.

Maganar wili ta fi kowacce muhimmanci ga matafiyi. Yawancin kekunan Ingila da Amurka na wancan zamani suna da rim da ake kira inci 27, wanda ainihin faɗinsa milimita 630 ne. Wanda ya mamaye kasuwa yanzu, 700C, milimita 622 ne. Babban keken nan mai birkin sanda da aka sani a kasuwanninmu, mai taya 28, nasa 635 ne. Uku ne masu kama da juna, amma tayar ɗaya ba ta hawa ɗaya, kuma lambar da za a dogara da ita ita ce ta milimita da ke rubuce a gefen taya. Har yanzu kamfanonin Panaracer da Schwalbe suna yin tayar 27, sai dai ba a kowane shago ake samu ba. Shi ya sa da yawa ke komawa 700C. Kafin a yi haka sai a duba birki, domin bakin rim zai sauka da milimita 4, kuma dole robar birki ta iya saukowa ta same shi. Wani birkin yana da wannan sarari, wani ba shi da shi. Ribar sauyin ita ce ana samun ƙarin wurin saka taya mai kauri, milimita 32 ko 35, wadda ta fi daɗi a hanyar da ba kwalta.

Rim na ƙarfe mai ƙyalli yana da kyau a hoto, amma da zarar ya jiƙe birki ba ya kama shi. Ko don wannan kaɗai a koma na alminiyom, mai wayoyi 36, a ba wanda ya iya ɗaurin wili ya ɗaura.

Sai tazarar ƙafafun baya. Na giya biyar milimita 120 ne, na shida da bakwai 126, sababbin cibiyoyin wili kuwa 130 ko 135. Ƙarfe yana da haƙurin da za a iya buɗa shi kaɗan a hankali, a sake daidaita bakunan, abin da ba a yi wa firam na alminiyom. Dalilin da zai sa a yi wannan wahala shi ne tsohon tsarin firiwil mai ɗauruwa da tiredi yana barin wani tsawon sandar wili ba madogari, kuma kaya masu nauyi kan lanƙwasa ta ko su karya ta. Sabon tsarin da kamfanin Shimano ya yaɗa daga ƙarshen shekarun 1970 ya matso da boris zuwa baki, matsalar ta ragu ƙwarai. Amma wanda zai tsaya a giya shida da matsakaicin kaya, firiwil ya ishe shi, ga araha ga sauƙin samu.

Game da giya, yawa ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne giya mai laushin da za ta hau tudu da kaya ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba. Faranti uku a gaba, misali masu haƙora 48 da 38 da 28, da babban haƙori 32 a baya, suna ba da giyar da feda za ta zagaya sau ɗaya wili bai kammala zagaye ba. Idan an tarar da na'urar sauya giya ta SunTour a jikin keken, a wanke ta da kananzir a mayar. Kamfanin ya yi rajistar fasaharsa ta karkataccen hannu a 1964, kuma sai da wa'adin rajistar ya ƙare a 1984 sauran kamfanoni suka samu damar kwaikwaya. Tsohuwar libar sauya giya marar ƙas-ƙas, wadda mahayi ke lallaɓawa har sarƙa ta zauna, tana aiki da kusan kowace na'ura, kuma ko an faɗi hannun na'urar ya ɗan lanƙwashe za ta kai mutum gari.

Akwai abubuwan da ba a tattaunawa a kansu: wayoyin birki da na giya da rigunansu, robar birki da ta bushe ta zama kamar dutse, taya da tif, boris da giris, duk sababbi. Sarƙa kuwa a auna ta da rula. Gaɓa goma sha biyu cikakku inci 12 ne cif, in ta zarce da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci ta gama aiki. Tsohon kan keke na alminiyom da wuyansa a wanke su tas a duba tsaga da kyau, domin alminiyom ba ya gargaɗi kafin ya karye. Sirdin fata na Brooks B17 yakan farfaɗo da ɗan mai da ɗan matse notin da ke ƙarƙashin hancinsa, muddin fatar ba ta yage a wajen ƙusoshi ba.

Fenti ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Fentin asali da tambarinsa, ko da ya ƙuƙƙuje, shi ne shaidar keken, kuma masu saye sun fi daraja shi a kan sabon feshi. A wanke, a tsaida tsatsa, a taɓa wuraren da ƙarfe ya fito, a fesa mai a cikin bututu.

Bayan an haɗa komai, gwajin gaskiya da kaya ake yin sa. A cika jakunkuna da nauyin da za a yi tafiya da shi, masu nauyi a ƙasa, a raba tsakanin gaba da baya, a nemi gangara mai tsawo. Wasu firam masu sirara kan fara kaɗa kai idan aka jibge komai a baya, kuma gara a gano haka kusa da gida, inda za a iya matsar da kaya gaba ko a sake kariya mai ƙarfi. Bayan hawa na farkon kwanaki wayoyi za su saki, wili na iya ɗan karkacewa, notin kariya ya yi sako-sako, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana kafin a sa ranar tashi.