Injin da ke kashe kitse da sanyi

A ƙasar Adar, daga Madawa har Buza da Keita, in aka ce wa mace "kin yi jiki", yabo ne. Amarya ta murje ta yi ɓulɓul, dangin miji sai su ɗaga kai, an san 'yar mutane tana cin daɗi. Can arewa da Tawa kuwa, Larabawan Azawak sun daɗe suna ɗura wa 'yan mata madara da kunu don su yi ƙiba kafin aure, al'adar da Rebecca Popenoe ta yi littafi a kanta a 2004. Mai irin wannan ido zai yi mamakin jin cewa a manyan biranen duniya kuɗi ake zubawa a daskarar da kitse.

Daga kumatun yara abin ya faro. A 1970 wasu likitocin Amurka biyu, Epstein da Oren, suka ba da rahoton yadda tsotson ƙanƙara mai zaƙi ke kumbura kitsen kumatun ƙaramin yaro. Ashe kitse ya fi fata raki a gaban sanyi. Dieter Manstein da Rox Anderson na asibitin Massachusetts General da ke Boston suka bi wannan sawu, suka gwada a jikin aladu, suka fitar da sakamako a 2008. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi aiki da injin CoolSculpting a kwiɓi.

Bakin injin yana zuƙo fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, kamar ƙahon wanzami, sai dai ba tsaga ba jini. Ya riƙe wurin cikin sanyin da ya wuce na daskarewar ruwa, minti 35 zuwa awa guda. Wasu ƙwayoyin kitsen su mutu, jiki ya kwashe su sannu a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Abin da ke raguwa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne na kaurin kitsen wurin da aka kama kaɗai. Ma'aunin nauyi da ƙyar yake motsawa.

Ja, kumburi da mutuwar fata na ɗan lokaci ba baƙi ba ne. Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba: kitsen ya ƙaru ya yi tauri maimakon ya ragu. Ita ce Linda Evangelista, fitacciyar mai tallan tufafi 'yar Kanada, ta ce ta same ta. A 2021 ta kai kamfanin Zeltiq, mai ƙera injin, ƙara tana neman dala miliyan 50, aka sasanta a 2022.

Ga alhajin da cinikin albasa ya yi wa tumbi, labarin bai da daɗi sosai. Injin yana kama kitsen da yatsu ke iya tsunkulowa ne kawai. Wanda ya nannaɗe hanji da hanta, mai tafiya tare da ciwon suga da hawan jini, yana can bayan naman ciki inda sanyin ba ya kaiwa. Wannan sai rage maiƙo da zaƙi, da tafiyar ƙasa, da zuwa likita a auna jini.